Neman Ƙirya a Bayan Kandi

A bakin kogin Kwara, gaba da Kamba, a nan na tabbatar na bar gida. Ruwan da na sani shi ne rafin bayan garinmu Garo, wanda da rani akuya ke tsallake shi ba ta jiƙa kofato ba. Wannan kuwa sai ka kare ido da hannu kafin ka hango wancan gaci. Aka loda mu a kwalekwale mai inji, mu da buhunan albasa da babur biyu da wata tinkiya. Kowa na salati, ni kuwa idona na kan wani ice da aka gitta a ƙarƙashin ƙafata. Na sunkuya na ƙwanƙwasa shi da zoben azurfata. Ƙau, ƙau. Sai na ɗago kai.

Na ce, "Kai mai jirgi, wane ice ne wannan?"

Ya ce, "Hajiya, zauna daidai, za ki kifar da mu."

"Ban je ba tukuna, kira ni Gwaggo. Na ce wane ice ne?"

"Ƙirya ce mana. Haƙarƙarin jirgin ne kaɗai ita. Da duka da ita aka yi, da yanzu muna gaisawa da kifi. Ita ba ta iyo, nutsewa take kamar dutse."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a tsakiyar ruwa ba. Matar da ke kusa da ni ta ja 'yarta ta matsa gefe.

Sunana Tabawa. Tun ina da goyon fari nake sayar da turame da taɓare a kasuwannin Gwarzo da Kabo da Getso. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ke sassaƙa, ni ke sayarwa. Turmin gidanmu na ƙirya ne, kuma duk macen da ta san daka ta san abin da hakan ke nufi. Gara ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi, uwa ta yi daka a ciki ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika. Da Malam ya rasu, autana Sale ya gaji gizago. Amma ya gaje shi a lokacin da ƙirya ta ƙare a ƙasarmu. Masu gawayi sun ci rabi, sharar gona ta ci sauran. Auta ya koma sassaƙa darbejiya da mangwaro. Wata ranar kasuwa, wata mata daga Masanawa ta zo ta ajiye turmi a gabana, ya tsage tun daga baki har gindi. Ba ta ce komai ba, ta juya ta tafi. Da ta zage ni ma da ya fi.

A ranar Auta ya ce da ni, "Inna, na gama. Da an kai dawa rumbu Legas zan tafi, abokina ya samo min babur. Gizagon nan maƙeri zan kai wa ya fitar min da fartanya."

Mutum mai mata da 'ya'ya uku, zai je ya hau babur a garin da bai san kowa ba, ƙarfen ubansa kuma a narka shi! Wani direba mai ɗaukar albasa ya taɓa gaya min cewa a ƙasar Benin, bayan wani gari Kandi, ƙirya na nan tsaye kamar ba a taɓa ƙera gatari ba. Na ce da Auta ya ba ni zuwa yankan dawa, zan kawo masa gungume har ƙofar gida. Ya buɗe baki ya ce, "Inna, ai ba haka ake..." Na ce ya rufe min baki. Abin da ya kai ni cikin kwalekwale ke nan.

Malanbil ce zangona na farko a ƙasar Benin. Kasuwa ce da ba ta da ƙarshe, Hausa kuwa ana jin ta, amma a karye, an cakuɗa ta da Dandanci, yaren mutanen wurin, da Faransanci. Na nemi tuwo, aka miƙo min wani abu fari a naɗe cikin ganye, mai tsami kamar an manta koko kwana uku. Na ci don kada in faɗi. Da azahar ta yi na rasa inda zan sa goshi, ina ta waige-waige da butata a hannu. Wata mai sayar da kifi, ba ta jin yarena ba na jin nata, ta cika min buta, ta shimfiɗa min buhu a bayan teburinta, ta kama kafaɗata ta juya ni gabas. Da na idar ta ba ni kan kifi soyayye. Har yau ina sa ta a addu'a, ban san sunanta ba.

Daga nan motar Kandi. Mu bakwai a kujerar mutum huɗu, gwiwar wani Bafillace a haƙarƙarina tun daga tasha. Amma ban damu ba, fuskata na manne da gilashi. Itatuwa suka fara yawa, suka fara tsawo. Ina ƙirga su a zuci da sunansu: ga kaɗanya, ga marke, ga maje, ga ɗorawa. Rabon da in ga daji haka tun ina budurwa.

A zangon Hausawan Kandi aka haɗa ni da wani dillali, Mamman, mai haƙorin gwal da yawan rantsuwa. Tun daga gaisuwarsa na sa masa ido, ta yi tsawo ko a ma'aunin Kano.

Ya ce, "Gwaggo, Allah ne ya kawo ki hannuna. Ƙirya? Ƙiryar da zan nuna miki ko a mafarki ba ki gan ta ba."

Ya kai ni bayan wani garejin gyaran mota. Ga gungume jere, bakinsu ja-baƙi, gwanin kyau. Ya ce in ɗaga in ji. Na gwada, ko motsi. Nauyi kam akwai. Sai na ƙwanƙwasa da zobe. Ɗif, ɗif, kamar an bugi cikin jaki. Na ciro 'yar wuƙata daga lalita na kankare gefe. Ƙasan jan fari ne fat, ruwa na tsattsafowa. Na kai hanci.

Na ce, "Mamman, ƙiryar garinku a gareji take tsirowa?"

"Me kika gani, Gwaggo?"

"Na ji tana warin baƙin mai. Wannan maje ne, ka jiƙa shi a kududdufi ya sha ruwa ya yi nauyi, ka shafe shi da man inji da jar ƙasa. Ɗan nan, tun uwarka ba ta yaye ka ba ake gwada min wannan a kasuwar Getso."

Makanikai suka kwashe da dariya, wani har da buga bonet. Mamman ya ce zai je ya kama ruwa, bai dawo ba. Ni kuwa na fito ina taku ɗai-ɗai, kaina ya kumbura. A raina na ce duk ƙasar nan babu mai yi min wayo. Ku riƙe wannan, don shi ya kusa kai ni ƙasa.

Hancina ne ya cece ni daga Kandi. Ina ratsa kasuwa sai na ji wani wari da na sani, mai kama da daddawa amma ya fi ta kauri. Daddawar ƙirya! Kakata ke yin ta da 'ya'yan icen, rabona da ita ya fi shekara talatin. Na bi warin har gaban wata Babargiya, 'yar ƙabilar yankin, gajera mai faɗin fuska, sunanta Bake. Tana jin Hausa sosai, ta yi zama a Kamba.

Na ce, "Baiwar Allah, inda ake samun 'ya'yan nan, akwai uwarsu?"

Ta yi dariya ta ce, "Uwa da kaka. Mijina ma turmi yake sassaƙawa."

Da kasuwa ta tashi muka hau bayan akori-kura, muka bar kwalta muka shiga wata hanya da ta kusa zubar min da sauran haƙora. Can sai na gan su. Jama'a, na gan su! Dogaye, baƙin ɓawo mai kaushi, ganye ƙanana suna lilo kamar na tsamiya, baƙaƙen 'ya'ya na reto. Ɗaya, biyu, biyar, sai na daina ƙirgawa. Na dinga dukan kan motar ina cewa a tsaya. Direba ya zaci fitsari zan yi. Na sauka na je na rungumi wata, hannuwana biyu ba su haɗu ba. Tsohuwa da ni, a gaban mutane. Bake na cewa, "Yaya, taho, akwai wasu a gaba," ni kuwa hawaye da dariya sun haɗe min.

Ƙauyensu bai fi gida ashirin ba. Mijinta, Baba Sabi, tsoho ne siriri mai farin gemu, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Da safe ya zagaya da ni. A gidan nan komai ƙirya ne: dirkokin rumfa, ƙotar fartanya, turken shanu, kujerar tsuguno. Ya nuna min wata dirka da ubansa ya kafa, gara ta yi gini ta kewaye ta, ta gaji ta bar ta. Ya ɗauko ƙusa ya buga a jikinta, ƙusar ta lanƙwashe. Bake ta ce sai an huda da ƙarfe mai zafi kafin ƙusa ta shiga.

A bayan gida akwai tsibi biyu. Na farko a inuwa, an rufe shi da ganye, gungume ne sababbin sara, bakinsu na naso da wani jan ƙaro. Na biyu a rana, tsofaffi, sun yi furfura. Na fara da na inuwa. Ɗif, ɗif. Na taɓa, danshi. Na ɗaga kai na dubi tsohon, na ce a raina, au, kai ma? Na wuce na rana. Ƙau! Ƙau! Kamar an taɓa ƙararrawa. Wannan ita ce muryar turmin gidanmu. Na tsinci gawayi na fara yi musu alama ɗaya bayan ɗaya, ina rawar jiki.

Baba Sabi ya biyo ni yana girgiza kai. Ya nuna na inuwa ya ce, "Ɗanye. Mai kyau."

Na ce, "Haka na Kandi ma ya ce."

"Wannan," ya nuna nawa, "gawayi. Dirka."

"Baba, ni ba baƙuwar ice ba ce. Jiƙaƙƙe ka riƙe abinka."

Kwana biyu muna haka. Ni ina neman motar da za ta kwashe min busassuna zuwa bakin ruwa, shi yana kallo na yana taunar asuwaki. Bake ta so yin magana, na katse ta, don na ɗauka bakinsu ɗaya. Rana ta uku da hantsi ya shiga ɗaki ya fito da gizagonsa. Ya damƙa min a hannu, ya nuna wanda na fi so a cikin busassun.

Ya ce, "Sara."

Ban taɓa riƙe gizago da niyyar sara ba, a gidanmu mace ba ta taɓa kayan sassaƙa. Amma ba zan ja da baya a gaban Babarge ba. Na ɗaga na sauke da ƙarfina. Gizagon ya yi tsalle ya dawo, ya kusa fasa min goshi, zafi ya ratsa ni daga wuyan hannu har haƙori. A jikin icen kuwa ɗan farin tabo kawai, kamar an yi yaƙushi. Ya karɓa ya nuna min bakin ƙarfen, ya lotsa. Ya wasa shi a dutse, ya ja ni inuwa.

"Sara."

Na sara. Ƙarfen ya shige kamar a cikin rogo, wani jan ɓarɓashi ya naɗo ya faɗi a ƙafata, wani ƙamshi mai daɗi ya tashi. Ƙamshin rigar Malam ne idan ya dawo daga daji.

Sai Bake ta zaunar da ni ta yi min bayani, tsohon na faɗa tana juyawa. Ƙirya tana ɗanya ake sassaƙa ta. Cikin 'yan kwanakin da aka kayar da ita za a yanka, a fafe cikin, a fitar da ƙugu da gindi. Sannan a shafe ta da mai, a cika ramin da ɓarɓashinta, a kife a inuwa wata da watanni ta bushe a hankali. A nan take yin taurin da na sani, a nan take samun muryar da nake nema da zobe. Idan ta riga ta bushe a gungume, sai dai dirka ko wutar maƙera. Idan kuma na ɗauki ɗanyen a bayan mota, kwana da kwanaki a rana har Garo, kafin in isa bakinsa ya tsattsage, jikinsa ya ƙandare.

Na ce, "To yaya ake yi?"

Ta ce, "Mai sassaƙar ne ke zuwa inda icen yake, Yaya."

Na tashi na koma gindin wata bishiya na zauna. Shekara nawa Malam na ɗaukar gatari da gizago ya shiga daji, sai ya yi mako uku, ya dawo da jakuna ɗauke da turame masu kaushi ya kife su a zaure. Ni kuwa in tare shi da faɗa: sare ice ne har mako uku? Me ya hana ka kwaso ka zo ka yi aikinka a gida kamar kowa? Shi mutum ne mara magana, sai ya yi murmushi ya nemi ruwa. Ban taɓa tambayarsa don in ji amsa ba. Na san turmi kamar tafin hannuna, ashe daga zaure zuwa kasuwa kaɗai na sani. A wannan yammacin na ji kewar gida kamar ciwo. Na tuna yanzu ana can ana yankan dawa, kwanakin da na roƙa suna ƙarewa, ga ni zaune a tsakiyar ƙirya ba ni da abin kaiwa.

Bake ta kawo min tuwo da miyar kuka. Ta aika har wani ƙauye an samo mata kukar don ni, ta sa daddawar ƙirya a ciki. Ina ci tana gaya min cewa 'ya'yansu maza duk sun tafi birnin Kwatano, tsohon ba shi da mai kama masa, akwai itatuwa a gonakin mutane da malamin daji ya ba shi takardar sarewa, amma hannu ɗaya ya kasa. Na ajiye lomar da ke hannuna.

Na ce, "Ara min wayarki."

Tawa ta daina aiki tun bakin ruwa. Lambar Auta na rubuce a wata takarda da na ƙulle a bakin zanina, Bake ta danna min. A ƙauyen nan waya ba ta kamawa sai an hau kan wani tsohon suri, don haka na tattare zani na hau, tana riƙe da ƙafata.

"Auta, ni ce."

"Inna! Kina ina? Mun zaci..."

"Rufe baki ka ji. Ashe ƙirya ɗanya ake sassaƙa ta?"

Sai na ji yana ƙoƙarin danne dariya. "Inna, ai abin da na so gaya miki ke nan tun a gida."

"Me ya hana ka?"

"Wa ke gaya miki magana idan kin riga kin yafa gyale?"

"Za ka ci gidanku. Ɗauko gizago da gatarin ubanka ka taho. Kamba, Malanbil, Kandi, ka tambayi mai daddawar ƙirya."

"Inna, ba ke kika ce ba inda za ni ba?"

"Legas na ce."

Ya ce abokinsa na jira, an riga an yi magana da mai babur, jibi za su gama kai dawa. Ya ce zai yi shawara. Kafin in ƙara wata kalma wayar ta mutu.

Kwana tara na yi ban san abin da ya yanke ba. Na sake hawa surin sau uku, ba ta shiga. Kullum da la'asar sai in tafi bakin hanya in zauna a kan wani kututture, duk akori-kurar da ta tsaya in leƙa. Matan ƙauyen suka fara tsokana ta, wai Bahausa na jiran saurayi. Na taya Bake ɓarzar 'ya'yan ƙirya har hannuna ya yi kanta, na koya mata dambu. Amma zuciyata na can tsakanin tashar Kabo da hanyar Legas.

Rana ta goma ranar kasuwar Kandi ce. Motar da ta ɗauko Bake ta tsaya, ta sauko da kwandonta tana wani murmushi. A bayanta wani dogo ya diro, fuska duk jar ƙasa, da buhu a kafaɗa, ƙotoci biyu sun leƙo ta bakinsa. Na miƙe. Na so in yi guɗa, na tuna girmana.

Na ce, "Sai yanzu?"

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ruwan nan fa ba ki gaya min girmansa ba."

Baba Sabi ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya zare gizagon daga buhu, ya juya shi, ya shafa ƙotar inda hannun Malam ya cinye ta ta yi santsi, ya gyaɗa kai. Washegari suka kayar da wata ƙirya a gonar wani mutum, ƙasa ta girgiza. Na zauna a gefe ina kallo. Auta ya tuɓe riga ya hau gungume na farko. Saran farko ya yi shi da tsoro, irin na wanda ya saba da ice mai yaudara. Na biyu ya saki hannu. Kafin azahar jan ɓarɓashi ya rufe masa idon sawu, yana sara yana dariya shi kaɗai, tsohon na yi masa ihu da Barganci yana amsawa da Hausa, kuma wai sun fahimci juna.

Ya ɗago ya ce, "Inna, kin ji ƙamshi?"

Na ce, "Yi aikinka."

Mako uku na ƙara, sannan na haɗa kayana. An shirya Auta zai zauna wurin tsohon har faɗuwar ruwa, ya koma gida noma, kaka ta yi ya dawo. Ni zan tafi da turame goma sha ɗaya na farko, an shafe su da man kaɗe, an cika su da ɓarɓashi, an naɗe kowanne a buhu. Na je neman abin da zai zaunar min da ɗa a gida, ga shi ni da kaina na kira shi wata ƙasa, kuma zan koma in gaya wa matarsa.

Ya rako ni bakin hanya, ya ɗaure kayan da kansa, ya ɗora ni gaban mota. Ya riƙe ƙofar ya ce, "Inna, don Allah kada a sa su a rana. Ko an isa gida, a zaure za a kife su."

Na ce, "Ni za ka koya wa turmi?"

Ya sunkuyar da kai ya saki ƙofar. Direba ya tayar da mota. Na dubi hannun Auta, duk ya yi ja da ƙaro, ƙarfe ya yanke shi a babban yatsa. Na ce da direba ya dakata.

"To, ina jin ka. Bayan an kife su, sai me?"

Ya dube ni ya ga da gaske nake. Ya matso ya fara bayani, yana nunawa da hannu. Direba ya yi ta danna oda, fasinjoji na ƙorafi da yare uku. Ban bari an ja motar ba sai da ya kai ƙarshe.